Ku Tambayi Mai Gyara: Na Ƙara wa Kwamfutata Memori, Sai Jirgina Ya Daina Isa Yamai

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a nan Maraɗi, kuma tun ina yaro nake da sha'awar tuƙin jirgin sama. Yayana ya bar mini kwamfutarsa ta tebur, mai furosesa Ryzen 5 3600 da memori DDR4 guda biyu, kowane giga 8, masu gudun 3200. Fiye da shekara ina amfani da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi ta Microsoft Flight Simulator, ta 2020, ba ta taɓa ba ni matsala ba, in ban da ɗan tsaitsayawa idan na shiga manyan birane. Watan jiya na sayi ƙarin memori biyu a kasuwa, su ma giga 8 kowanne, na wani kamfani daban, na cike dukkan guraben huɗu. Windows ta nuna giga 32 daidai, amma tun daga ranar, idan na tashi da ƙaramin jirgin Cessna 172 daga filin jirgin Maraɗi na nufi Yamai, ba na wuce minti ashirin ko talatin sai manhajar ta rufe kanta ba tare da wani saƙo ba. Sau biyu kuma fuskar kwamfutar ta koma shuɗiya da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Rubutu da kallon bidiyo da shiga intanet duk lafiya lau. Wani mai gyara ya ce in goge manhajar in sake sauko da ita. In yi hakan? Daga mai karatunku a unguwar Ali Ɗan Sofo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka goge komai tukuna. Wannan manhaja kamfanin da ya yi ta ya nemi a tanadar mata wurin da ya kai giga 150, kuma kai ka fi ni sanin abin da sauko da ko rabin wannan zai ci maka na kuɗin intanet da darare a Maraɗi. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a cikin bayaninka babu abin da ya nuna laifin manhajar ne. Shekara guda tana aiki lafiya, ranar da ka buɗe kwamfutar ka ƙara memori ta fara rufewa, sannan Windows da bakinta ta ambaci memori a shuɗin allo. Wanda ya ce ka sake sauko da manhajar ya bar jaki yana dukan taiki.

Na san abin da ya rikita ka shi ne ganin sauran ayyuka suna tafiya daidai. Dalilin kuwa shi ne rubutu da kallon bidiyo ba sa matsa wa memori, ɗan kaɗan suke ɗauka, kuma suna barinsa ya huta. Manhajar tuƙin jirgi kuwa, tun daga tashi har sauka, tana zuba taswirar ƙasa da gine-gine da gajimare da lissafin iska a cikin memori, tana kwashewa, tana sake zuba wasu yayin da jirgin ke tafiya, kuma tana yin haka ne a lokacin da furosesa da katin hoto suka yi zafi suka dumama cikin akwatin. Kuskure ɗaya tak a wurin da manhajar ke bukatar lamba daidai ya isa ya sa Windows ta rufe ta. Idan kana son ganin shaida, danna dama a kan maɓallin farawa na Windows, ka buɗe Event Viewer, ka duba kurakuran manhajoji a daidai lokacin da abin ya faru. Sau da yawa za ka tarar da lambar 0xc0000005, wadda ke nufin manhajar ta nemi taɓa wani wuri a memori da ba a ba ta izini ba. Lambar ita kaɗai ba hujja ba ce, domin lalataccen ƙari da aka ɗora wa manhajar ma yana iya jawo ta, amma idan aka haɗa ta da shuɗin allon da ka gani, zargi ya fi ƙarfi a kan memori.

Yanzu bari in yi maka bayanin abin da nake zaton ya faru, domin a nan ne yawancin masu ƙara memori suke tuntuɓe. Wannan 3200 da ke rubuce a jikin sandunan memori, waɗanda masu gyara a nan suke kira baret, a mafi yawan waɗanda ake sayar wa masu wasannin kwamfuta ba shi ne gudunsu na asali ba. Na asalin yakan zama 2133 ko 2400 ko 2666, da wuta bolt 1.2. Domin su kai 3200, sai an shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa lokacin da kwamfuta ke tashi kafin Windows, an kunna wani shiri da ake kira XMP, wanda a manyan allunan cikin kwamfuta (motherboard) na kamfanin Asus masu furosesa AMD ake rubuta shi DOCP, a na MSI kuma A-XMP. Shirin yana ƙara gudu, yana ɗaga wuta zuwa bolt 1.35, yana kuma matse lokacin jira. Masu ƙera baret suna gwada wannan shiri ne a kan waɗanda suka zo tare a kwali ɗaya, kuma alƙawarinsu bai wuce nan ba. Idan ka kawo wasu biyu daga wani kamfani, ko da girmansu da gudunsu ɗaya ne a rubuce, ƙananan ƙwayoyin da ke manne a jikinsu suna iya zama na masana'anta daban, da lokacin jira daban. Kama da wane ba wane ba ne. Babban allon kwamfutar kuwa shiri ɗaya yake ɗauka ya ɗora wa duka huɗun, kamar mai amalanke da ya ɗaure ɗan maraƙi da ƙosasshen sa a karkiya ɗaya ya ce su yi tafiya daidai.

Akwai kuma batun yawansu. Abin da ke sarrafa memori yana cikin furosesa ne, kuma baret huɗu sun fi biyu yi masa nauyi. Kamfanin AMD da kansa, a kan furosesoshin Ryzen na jerin 3000 irin naka, gudun 3200 ya tabbatar idan baret biyu ne. Idan huɗu ne, abin da ya tabbatar ya sauko zuwa 2933, ko ma 2667 idan baret ɗin masu jeri biyu na ƙwayoyi ne. Mutane da yawa suna tafiyar da huɗu a 3200 lafiya, amma wannan sa'a ce, kuma sa'ar tana raguwa idan baret ɗin gauraye ne, ɗakin kuma yana da zafi irin na bazarar Maraɗi, inda a watan Afrilu da Mayu ma'auni ke haura digiri 40.

Ga yadda zan so ka bi abin, kuma sharaɗin farko shi ne ka riƙa canza abu ɗaya kawai kafin kowane gwaji, in ba haka ba ko matsalar ta warke ba za ka san abin da ya warkar da ita ba. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa baret, domin a busasshiyar iska irin tamu, musamman da hunturu, jikin mutum yana tara wutar da ke iya ƙona ƙwayar memori ba tare da ka ji komai ba. Cire sababbin biyun, ka bar tsofaffin a gurbi na biyu da na huɗu idan ka ƙirga daga wajen furosesa, waɗanda aka fi rubutawa A2 da B2. Ka tashi daga Maraɗi zuwa Yamai da jirgin nan, da irin yanayin da ka saba. Idan ka sauka lafiya, to ka wanke manhajar daga zargi da tafiya ɗaya, ba ka kashe ko dala ba.

Daga nan sai ka cire tsofaffin, ka sa sababbin su kaɗai a waɗannan guraben. Kafin ka sa su, ka duba haƙoransu masu ruwan zinariya da kyau a cikin haske. Kayan da ya daɗe a kanta a kasuwa, ko wanda aka ciro daga wata kwamfuta, yakan zo da ƙura ko dushewa. Ka goge su a hankali da magogin fensir mai taushi, ka kakkaɓe burbushin, kada ka sa fetur ko ruwa. Ka danna baret ɗin har sai maƙallan gefe sun kama da ƙara, domin na sha ganin kwamfutar da aka yi kwana uku ana bincike, ashe gefe ɗaya na baret ne bai zauna ba.

A wannan mataki ne za ka bukaci MemTest86. Manhaja ce ƙarama ta kamfanin PassMark, akwai ta kyauta, ana ɗora ta a kan filas a tayar da kwamfuta daga kanta, ta yadda Windows ba ta cikin lissafi ko kaɗan. Tana rubuta lambobi a kowane lungu na memori tana sake karanta su, zagaye huɗu. Abin yana ɗaukar sa'o'i, saboda haka ka fara shi da dare, idan wuta ta ɗauke kuma ba abin da zai lalace, sai dai ka sake daga farko. Windows ma tana da nata magwajin, wanda ake kira da rubuta mdsched, amma na fi amincewa da na farkon, domin ya fi tsananta bincike. Ka tuna cewa a wannan gwaji babu ƙaramin kuskure. Kuskure ɗaya ya isa. Idan sababbin biyun, su kaɗai, da XMP a kashe, suka nuna kuskure, to ɗayansu ko dukansu ba su da lafiya. Ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton sakamakon da wayarka, ka koma wa wanda ya sayar maka da hujja a hannu.

Idan kowane biyu sun ci gwajin su kaɗai, sai ka haɗa huɗun, tsofaffi a A2 da B2, sababbi a A1 da B1. Danna Del ko F2 lokacin da kwamfutar ke tashi, ka shiga BIOS, ka kashe XMP, ka sake gwajin, ka sake tafiyar Yamai. Ina kyautata zaton a nan za ka ga abin ya daidaita. Sannan idan kana so, ka kunna XMP amma ka sauko da gudun da hannunka zuwa 2933, in ya ƙi sai 2666. Ƙaramar manhajar CPU-Z za ta nuna maka gudun da ake kai da sunan masana'antar kowane baret, kuma kada ka firgita idan ta rubuta 1600 a maimakon 3200, domin rabi take nunawa bisa yadda DDR ke aiki. Idan a cikin gwaje-gwajen nan kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, zare wuta, ka cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke kan babban allo, ka jira mintoci kaɗan ka mayar, BIOS zai koma yadda ya fito daga masana'anta.

Wasu za su ce ka sabunta BIOS, kuma gaskiya ne cewa sabuntawar kan gyara zaman memori a allunan Ryzen. Amma na bar shi ƙarshe da gangan, domin idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, allon yana iya mutuwa murus. Kada ka yi shi sai kwamfutar tana haɗe da na'urar ajiyar wuta mai cikakken caji.

Bayan memori ya daidaita, akwai ɗan share-share, saboda memori mai kuskure yana iya lalata abin da aka rubuta a faifai a makonnin nan. Buɗe layin umarni da ikon mai gudanarwa ka rubuta sfc /scannow domin Windows ta duba fayilolinta. A cikin saitin manhajar jirgin, ka goge rumbun wucin gadi na taswirori, wato Rolling Cache, ka kuma kwashe abin da ke cikin jakar Community, inda ake zuba ƙarin kayan da aka ɗora wa manhajar, ka ajiye a gefe, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Ra'ayina a kan kuɗinka kuwa shi ne, giga 32 a gudun 2933 ba asara ba ce, kuma da wuya idonka ya gane bambancinsa da 3200 a cikin tafiya. Kamfanin da ya yi manhajar jirgin ya rubuta giga 8 a matsayin mafi ƙaranci ga manhajar 2020, 16 abin da ya ba da shawara, 32 kuma mafi dacewa, sabuwar fitowarta ta 2024 kuwa daga 16 take farawa, saboda haka ƙarin da ka yi yana kan hanya. Idan huɗun suka ƙi zama tare ko a 2666, ka sayar da su ka sayi biyu masu giga 16 kowanne da suka zo a kwali ɗaya.

TAMBAYA: Malam, ni wata manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi mai suna X-Plane 12 nake amfani da ita. Da na kai memorin kwamfutata giga 32, wani abokina ya kashe mini fayil ɗin musaya na Windows, ya ce yanzu ba na bukatarsa. Tun daga nan manhajar take rufewa tana cewa memori ya ƙare. Yaya za a yi giga 32 ya ƙare? Daga mai karatu a unguwar Zariya.

AMSA: Malam, abokinka ya yi maka kuskure da kyakkyawar niyya. Windows tana lissafa abin da za ta iya alƙawarta wa manhajoji ne ta hanyar haɗa memori da wannan fayil na musaya da ke kan faifai, kuma manhajojin tuƙin jirgi suna neman a keɓe musu wuri fiye da wanda suke amfani da shi a zahiri. Idan ka kashe fayil ɗin, iyakar alƙawarin ta ragu, sai a hana manhajar abin da ta nema alhali kana ganin sauran wuri a memori. Shiga saitin tsarin kwamfuta na ci-gaba, ɓangaren aiki, ka mayar da fayil ɗin yadda Windows za ta riƙa sarrafa girmansa da kanta, ka tabbatar faifan yana da sarari, sannan ka kashe kwamfutar ka kunna. Idan manhajar ta sake rufewa bayan haka, kafin ka sake buɗe ta ka kwafi fayil ɗin Log.txt da ke cikin babbar jakar X-Plane, domin ana sabunta shi duk lokacin da aka tayar da ita, ka aiko mana da layukansa na ƙarshe.