Amsar Kawu ga Auta: wai Sarkin Ingila yana mulki kuwa?

Salamu alaikum mutanen gida. Ku yi haƙuri da hayaniya, ina Terminus ne a nan Jos, 'yan Keke sun cika wurin. Na ga tambayar da Auta ta jefo da safe, wai tunda Ingila na da sarki, me ya kawo Firayim Minista kuma, wa ke gaba da wani.

To Auta, a takarda dai komai na sarki ne. Gwamnati tasa ce, sojoji shi suke yi wa rantsuwar biyayya, shi ne shugaban Cocin Ingila, har laƙabin Mai Kare Addini gare shi. Ban da Birtaniya, akwai ƙasashe 14 da shi ne shugaban ƙasarsu, irin su Kanada da Ostiraliya da Jamaika. Amma fa rawanin ne nasa, wuƙa da nama suna hannun majalisa.

Kin ga, shi ke naɗa Firayim Minista, amma ba wanda ransa ke so ba, sai wanda ke da rinjaye a majalisar wakilai. Ko Sarauniya Elizabeth, kwana biyu kafin ta rasu a Satumbar 2022 sai da ta naɗa Liz Truss, don jam'iyya ta riga ta zaɓe ta. Jawabin da Sarki Charles ke karantawa ranar buɗe majalisa ma gwamnati ce ke rubuta masa, ko bai yarda da abin da ke ciki ba haka zai karanta. Doka kuma ba ta zama doka sai ya amince, amma rabon da wani mai sarauta ya ƙi amincewa tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Kin ji fa, shekara ɗari uku da ɗoriya!

Na Beljiyam ne ya taɓa turjewa a 1990, Sarki Baudouin, kan dokar zubar da ciki. Ya ce imaninsa bai bar shi ba. Sai aka ayyana cewa ba ya iya sarauta na ɗan lokaci, ministoci suka sa hannu, sannan majalisa ta mayar da shi kujerarsa.

Ni a ganina inda ƙarfin Sarkin Ingila yake shi ne ganawar da yake yi da Firayim Minista duk mako, su biyu kawai, ba mai rubutawa. Nan zai ba da shawara, ya ja kunne.

Mu ma fa mun ɗanɗana. Daga 1960 zuwa 1963 Elizabeth ce Sarauniyar Najeriya, Azikiwe na wakiltarta a matsayin Gwamna Janar, mulki kuma na hannun Tafawa Ɓalewa. Tun 1956 ma ta zo nan Jos, ku tambayi Hajiya Babba ta ba ku labari.

Kar dai ki ɗauka ko'ina haka ne, na Maroko da na Jodan suna da tsarin mulki amma ikonsu na gaske ne. Yauwa, ga mota ta cika, sai na iso gida.