Tambaya da Amsa: Motar da Kakana Ya Tuƙa a Yaƙin Bama

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Fagge. Kakana na wajen uba direban soja ne a Yaƙin Bama, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu tun ban yi wayo ba. Abin da ya rage mana hoto ne guda da ya koɗe, yana tsaye jikin wata babbar mota mai gajeren hanci, gilashin gabanta ya ranƙwafo, samansa ya fi ƙasansa turowa. Na gwada ƙera ƙaramarta da kwali, na shafa mata koren fentin mai irin na ƙofa. Kwalin ya lanƙwashe, fentin sai ƙyalli yake, ƙura ta manne masa, tayoyin kuma kamar na keken yara. Ina so in sake ta kafin Babbar Sallah in ba mahaifina. Wace mota ce, kuma ta ina zan fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan kakanka, Ya kai haske kabarinsa. Sau biyu na karanta wasiƙarka, don ta mayar da ni Gwammaja, lokacin da muke ɓare kara muna haɗa mota, mu yanka tsohon silifas mu yi mata taya. Daga nan na faro, har yau kuma ban ajiye reza ba.

Kamannin da ka faɗa sun yi daidai da motocin da Ford da Chevrolet suka ƙera a Kanada domin sojojin Ingila da ƙasashen da take mulka, waɗanda ake kira CMP. Ranƙwafowar gilashin da gangan aka yi ta, don kada rana ta haska shi jirgin abokan gaba ya hango daga sama. Ka nemi hotunan Chevrolet C60L a intanet ka ajiye su kusa da naka. Ka kula kada ka ɗauko GMC CCKW ta Amurkawa, mai dogon hanci da taya goma, wadda aka ƙera sama da 560,000 tsakanin 1941 da 1945. Ita ta cika finafinan yaƙi, shi ya sa kowa yake zaton ita ce motar soja. Bedford QL ta Ingila kuwa fuskarta a shafe take, ba ta da hanci ko kaɗan. Sitiyarin taka a dama yake. Mu ma nan a hagun titi muke tuƙi har shekarar 1972, saboda haka hannun kakanka a dama ya saba.

Motarka ta farko tun a wajen awo ta lalace, kafin fenti ya taɓa ta. Ido ba mudu ba ne. Masu wannan sana'a suna zaɓar lamba ɗaya su raba kowane awo na babbar motar da ita. Waɗanda kamfanoni irin su Tamiya ta Japan suke sayarwa a kwali, a gutsure, mutum ya haɗa da kansa, yawanci kashi 1 cikin 35 ne, sai dai daga waje ake odarsu, kuɗin dala ne. Kai da za ka yanka komai da hannunka, ina ba ka shawarar kashi 1 cikin 20: lissafinsa ya fi sauƙi, yatsa kuma yana samun wurin shiga. Tsakanin tayar gaba da ta baya a doguwar CMP inci 158 ne, wato mita 4 da 'yan kai. Raba da 20, ka sami santimita 20. Tsayin tayar ya kai mita ɗaya, wajen ƙugun babban mutum ke nan, a wurinka santimita 5, kusan faɗin bakin ƙaramin gwangwanin tumatir. Sauran awon kakanka ne zai ba ka. Ka ƙaddara tsayinsa santimita 170 ne, ka ɗora rula a kan hoton, ka ga sau nawa tsayinsa ya shiga tsayin motar, ina ƙofa ta tsaya a jikinsa, ina madigadi ya kai masa. Ka zana motar a takarda ta gefe, ta gaba, ta sama, kafin ka yanka ko da tsinke.

Kwali ka bar shi, yana shan ruwa. Je wurin masu rubuta allon talla ka roƙi ragowar farar robar nan mai laushi da suke yanka haruffa da ita. Tana yankuwa da reza, tana goguwa da samfefa, ba ta kumbura. Madigadi da bonet da gwangwanin lemo ake yi, a lanƙwasa shi a jikin biro. Ragar gaban lagireto daga tsohuwar rariyar shayi, fitilu daga robar da ake ɓallo ƙwayar magani, hannun ƙofa da ƙarafan rumfa daga wayar kwayil da masu gyaran fanka suke zubarwa. Taya dai har gobe silifas ne, guda huɗu da safaya, amma ka yanka su a kan ma'auni ɗaya, ka soke su a ƙusa guda ka goge su tare don kada wata ta fi wata. Tamfol kuwa, ka jiƙa tsohon hankici a farin gam na kafintoci da aka sirka da ruwa, ka shimfiɗa a kan ƙarafan, ka bar shi ya ɗan lotsa a tsakaninsu yadda na gaskiya yake yi. Gilashi da wannan farin gam ɗin za ka manna shi, a ƙarshen aiki. Sufa gulu yana fitar da tururi da ke mayar da roba mai haske fari fat, ba ya kuma goguwa.

Yanzu fenti, inda zan daɗe. Motar yaƙi ba ta ƙyalli, domin ƙyalli kiran harsashi ne. Ka fara da fentin ƙasa mai ruwan toka na gwangwanin feshi, irin wanda masu fentin mota suke fara sawa. Ka tsaya nesa da ita kamar taƙi ɗaya da rabi, hannunka yana tafiya, feshi sama-sama sau biyu. Nan ne duk wani tabon gam da karcen reza zai fito fili, sai ka goge ka sake. Bayan ya kwana sai launi. Ka nemi fentin akirilik na masu zane a shagunan kayan makaranta na Sabon Gari, wanda ake sirkawa da ruwa. Kada ka sayi kore. Ɗebo ruwan ɗorawa, ka riƙa ɗiga masa baƙi kaɗan-kaɗan kana juyawa, da idonka za ka ga koren soja ya fito. Ɗigon ja-ja mai ruwan ƙasa zai kashe masa kaifi. Ka bar shi ya ɗan fi na hoto haske, don ƙaramin abu yana ƙara duhu a ido. Kaurinsa kada ya wuce na madara. Shafar farko za ta yi muni, ƙasa tana leƙowa, zuciyarka za ta ce ka ƙara kauri. Kada ka biye mata. Shafa uku siraran, kowace ta bushe kafin ta gaba, su ne suke rufe jiki ba tare da sun cike layin ƙofa da kan ƙusoshi ba.

Na taɓa yin wata shida ina haɗa wata mota da aka kawo mini tsaraba daga waje. Ranar fenti na sirka da tina irin ta masu fentin mota, don ita ce a kusa. Ina kallo bonet ɗin ya yi laushi ya tattare kamar fatar tsohuwar ganga, ban iya ceto shi ba. Raina ya daɗe a ɓace. Tun daga ranar, duk abin da zan shafa sai na gwada shi a kan guntun ragowa tukuna. Zafi ma haka yake yi wa roba: kada ka shanya ta a rana, kada ka bar ta cikin mota a watan Afrilu. Ƙurar Kano kuwa maganinta yayyafa ruwa a tsakar ɗaki kafin ka fara, ka yi aikin bayan sallar Asuba kafin gari ya motsa, kana gamawa ka kifa mata wankakkiyar roba.

Ka sa gilashin ƙara girma ka duba madigadi ko gefen fitila a hoton, ko za ka ga tambari. Runduna biyu ta Afirka ta Yamma ta je Bama. Ta 81 tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, shi dai Gizon tatsuniya da mutanen Gana suke kira Ananse. Ta 82 kuma mashi biyu ne a gicciye a kan gammo. Gammon yana da dalili: a dazuzzukan Kaladan da Arakan na ƙasar Bama akwai inda mota ba ta shiga, jirgi ne yake jefo kaya, mutanenmu su ɗauka a ka. Don haka direba irin kakanka aikinsa yana kan hanyoyin da suke kai kaya bakin daji, da sansanonin Indiya inda aka horar da su. Sunayen yaƙin nan ba su ɓace ba, ga barikin Dalet a Kaduna mai sunan wani wuri a Bama, ga na Chindit a Zariya mai sunan wata runduna da ta yi yaƙi a can. Ka kuma tambayi manya a gida ko ya fara zuwa Gabashin Afirka, don sojojin Najeriya sun yi tafiya a motoci daga Mogadishu ta Somaliya zuwa Harar ta Habasha a 1941. Tambarin a takarda siririya za ka zana shi ka manna, ya fi a yi shi da burushi a jikin mota.

Saura tsufa. A nan ne masu koyo suke zuba laka ko'ina har motar ta koma kamar an tono ta daga kududdufi. Kafin ka taɓa taka, je Dawanau ko kasuwar Singa ka tsaya kusa da motar da ake sauke wa kaya, ka yi mata kallon minti goma. Za ka ga ƙura ta fi yawa a ƙasa, tana raguwa tana hawa. Bayan kowace taya akwai feshin laka da ya bushe. Matakin da direba yake takawa ya goge har ƙarfe yana haske, haka hannun ƙofa da leɓen bodi inda ake jan buhu. Ƙarƙashin murfin tanki akwai baƙin zirin mai da ƙura ta bi. Rufin kuwa rana ta cinye launinsa. Abin da ka gani shi kaɗai za ka sa. Ka narka ɗigon fentin mai, ba akirilik ba, mai ruwan ƙasa, a kananzir har ya zama kamar ruwan shayi, ka taɓa bakin burushi a layin ƙofa, zai bi layin da kansa ya fito da shi. Wuraren da suka goge ka bi su da bakin fensir. Ƙura kuma ta gaskiya za ka sa: jar ƙasa da ka tankaɗe a ɗankwali, ka haɗa da garin alli, ka ɗora da busasshen burushi a tayoyi da ƙasan bodi. Duk sanda ka ji kamar a ƙara kaɗan, ka ajiye burushin sai gobe.

Kafin ka rubuta lamba a ƙofa, kai wa mahaifinka ita ya riƙe a hannunsa, ko da za a rasa mamakin ranar Sallah. Wanda ya tashi yana jin labarin motar nan daga bakin mai ita zai iya tuna inda ake ɗaure jarka, ko sunan da suke kiranta da shi. Ni a nawa aikin ba na sa mutum-mutumin direba, kujerar nake bari babu kowa, in ɗan buɗe ƙofar dama. Ka kafa ta a kan katako, mai yankan gilashi ya yi maka murfi, hoton kakanka ya tsaya a bayanta. In ka gama ka aiko mana da hotonta ta gefe da ta gaba, ina son ganin yadda gilashin ya ranƙwafo.