Gyaran Ƙwayoyin Gado Ga Mai Sikila: Ina Haɗarin Yake?

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 14 yana fama da sikila, kusan duk lokacin sanyi sai mun kwana a asibiti. Na ji an samu maganin da ke gyara jini daga tushe, amma ana cewa yana jawo cutar kansa. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Maganin gaskiya ne, domin a ƙarshen 2023 hukumomin Birtaniya da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy ga masu shekara 12 zuwa sama. Ana ɗebo uwayen ƙwayoyin jini (ƙwayoyin ɓargo da ke haifar da jini) daga jikin shi maras lafiyan, a gyara su ta yadda za su koma samar da irin sinadarin jinin da jariri yake da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, sannan a mayar masa da su.

Tsoron cutar kansa yana da tushe. Fiye da shekara 20 da suka wuce, a wani gwajin gyaran ƙwayoyin gado na daban da aka yi wa yara 20 marasa garkuwar jiki a Faris da Landan, 5 sun kamu da kansar jini, saboda ƙwayar bairos da aka ɗora wa gyaran don ta kai shi cikin ƙwayoyin jininsu ta sauka kusa da wata ƙwayar gado mai tayar da kansa. Wannan ne ya sa aka sake fasalin hanyar, aka kuma wajabta bibiyar lafiyar duk wanda aka yi wa aikin na tsawon shekara 15.

Abin da ya fi damuna a yau shi ne busulfan, maganin da ake bayarwa don share ɓargo kafin a mayar da ƙwayoyin. Yana sa baki ya yi gyambo har yaro ya kasa haɗiye ruwa, gashi ya zube, garkuwar jiki ta faɗi na makonni, kuma sau da yawa yana hana haihuwa har abada. Masana na gwada wasu sinadarai da za su kama uwayen ƙwayoyin ɓargo kaɗai su bar sauran jiki, amma har yanzu aikin yana matakin gwaji.

Ga kuma tsada: dala miliyan 2.2 a Amurka. Kafin maganin ya iso gare mu, ki tuntuɓi likitan jini kan hydroxyurea, maganin da ke rage yawan tashin ciwon sikila, ki kiyaye yaron daga zazzaɓin cizon sauro, ki tabbata yana shan ruwa sosai, kuma ki rufe masa jiki idan hunturu ya shigo.