Amurka ta taɓa ɗaure masu sukar gwamnati?

Tambaya: Malam, an ce tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki. To, an taɓa ɗaure wani a can saboda sukar shugaba?

Amsa: Ƙwarai kuwa. A Yulin 1798, ana zaman ɗar-ɗar da Faransa, Shugaba John Adams ya sa hannu kan dokar hana tunzura jama'a. Duk wanda ya buga ƙarya ko ɓatanci ga gwamnati, majalisa ko shugaban ƙasa, zai iya shan tarar dala 2,000 da ɗaurin shekara biyu. Abin lura, dokar ba ta kare mataimakin shugaba ba, wato Thomas Jefferson, jagoran 'yan adawa. Ka ga inda aka dosa.

An yarda wanda ake tuhuma ya kare kansa da cewa gaskiya ya faɗa, amma ta yaya mutum zai tabbatar da ra'ayi a gaban alƙali? Matthew Lyon, ɗan majalisa daga Vermont, ya sha ɗaurin wata huɗu da tarar dala 1,000, kuma yana kurkuku jama'arsa suka sake zaɓensa. Wa'adin dokar ya ƙare ranar 3 ga Maris 1801, Jefferson ya hau mulki ya yafe wa waɗanda aka hukunta.