Hajiya, buhun yashi ba ya tare kogi

Assalamu alaikum jama'ar zauren nan, barkanmu da yamma. Hajiya, na ji tambayarki: kuna haya ta wajen Kigo Road a nan Kaduna, bara ruwa ya zo har bakin ƙofa, shin buhunan yashi za su wadatar bana? Bari in yi murya, rubutu zai yi tsawo.

Kin ga, ruwan da ke shiga gidaje a garin nan iri biyu ne, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Akwai na lambatu: a tafka ruwan sama, ledar fiya wata da robobi sun toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya faɗo tsakar gida. Wannan kam buhu yana tare shi. Sai dai kada a cika buhun taf, ya ɗan wuce rabi ya isa, don ya kwanta sosai. A shimfiɗa tamfol, a jera su kamar ginin bulo, a tattake da ƙafa. Kuma a toshe rariyar banɗaki, don sau da yawa ta can ruwan ke kunno kai, maigida yana can yana gadin ƙofa.

To, na biyun shi ne kogi, kuma shi ne naku. Kogin Kaduna daga tsaunukan Filato ya taso, saboda haka za a iya wuni rana ƙwal a nan, ruwan da aka yi can sama ya iso cikin dare. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2003 sun san abin da nake faɗa, dubban mutane ta raba da gidajensu. Kigo Road, Bashama Road, Rafin Guza, Kabala, duk na bakin kogi ne. Wallahi Hajiya, idan shi ne ya taso, buhu ɗari ba zai yi komai ba, fita ake yi.

Don haka tun yanzu, kafin Agusta da Satumba su yi nisa, ku yi magana da 'yan'uwan da ke kan tudu, ku san inda za ku kwana. Takardun makaranta, na haihuwa, katin ɗan ƙasa, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, a ƙulle su a leda cikin jaka ɗaya kusa da ƙofa. Buhun masara da shinkafa a ɗora kan tebur. Idan NiMet, hukumar hasashen yanayi, ko SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, sun yi gargaɗi a rediyo, kada a ce sai an gani da ido.

Da ruwa ya fara shigowa, a kashe wuta daga babban makunni, amma da busasshen hannu, ba kana tsaye cikin ruwa ba. Yara da tsofaffi su fara fita. Ruwa mai gudu ko a idon sawu yake yana iya kayar da babba, balle yaro, ga lambatun da ba a gani a ƙasa. Masu mota da babur ma a haƙura da tsallaka shi. Lambar gaggawa 112 ce.

Af, na kusa mantawa. Bayan ruwa ya janye, kada a sha na rijiya sai an tafasa, don ya gauraya da na masai, nan kwalara ke farawa. A duba katanga kuma, musamman ginin ƙasa, idan gindinta ya jiƙe ko ta tsage kada kowa ya kwana kusa da ita. Allah Ya tsare mu. Ki gaishe da Alhaji.