Amsa ga Yayana a Kan Sana'ar Bututu da Zamanmu a Ohayo

Yaya, saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da ke ƙarƙashin tambayar. An ce maka mu Hausawan Kolombus, birnin da muke zaune a jihar Ohayo ta Amurka, mun koma 'yan gidan kowa da akwai, muna kwasar masai a ƙasar Turawa. Ko da hakan ne ba zan ɓoye ba, domin su ma halal suke nema, amma ba shi ne aikin ba.

A nan ba a haƙa salga ko sokawe a cikin gari. Kowane gida yana da bututu mai faɗin inci 4 da ke kwashe ruwan bahaya da na kicin, ya bi ta ƙarƙashin daɓe ya haɗu da babbar magudanar hukuma a titi. Gidajen da aka gina kafin wajen 1975 galibi bututunsu na cikin gida baƙin ƙarfe ne na zubi, kafin na roba ya karɓe kasuwa. Ƙarfen nan yana da ƙarko, amma shekara 50 zuwa sama sai ya fara gajiya. Ƙazanta tana fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyin cuta su mayar da ita asid, asid ɗin ya riƙa cin saman bututun. Ƙasansa kuma ruwa ya zaizaye shi har ya yi rami. Tsatsa ta taru ta tsuke hanya, wata rana mai gida ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya tarar da abin da ba a faɗa.

A da sai a fasa daɓe, a tone tsakar gida, a fitar da iyali. Yanzu shafi muke yi wa bututun ta ciki. Da farko mu zura kyamara mu ga cikinsa a allo. Sai mu kankare tsatsar da wata sarƙa da inji ke juyawa, mu wanke da ruwa mai ƙarfi. Wannan matakin shi ne mai wuya, a nan ake gane gwani: ka matsa da yawa ka huda ƙarfen da ya riga ya yi laushi, ka sassauta shafin ya ƙi zama. Daga nan mu yanko doguwar jaka ta ƙyalle mai kauri daidai tsawon bututun, mu jiƙa ta da gam ɗin efoksi, mu tura ta da iska tana shiga tana juyewa, kamar yadda Inna ke juya hanjin rago ranar layya, har gefen da ke da gam ya manne da bango. Sai a dafa ta da tururi ko ruwan zafi, wasu kuma da wata fitila ta musamman. In ta sandare, ta zama sabon bututu mai kaurin kusan milimita 3 a cikin tsohon, wanda ake sa ran zai yi shekara 50. Inda rassa suka haɗu, ɗan inji mai haƙora ne ke shiga ya sake buɗe su. Wani Bature, Eric Wood, ya fara dabarar a Landan a 1971. Ba kowane bututu take yi wa magani ba. Wanda ya rufta ko ya lotsa ruwa na kwanciya a ciki, dole a tona, kuma mai tsoron Allah zai faɗa wa mai gida haka tun kafin ya karɓi kuɗinsa.

Batun najasa da ka kawo, muna sa rigar aiki da safar hannu, kayan salla kuma daban suke a mota. Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne a ce daga gidanmu tambayar ta fito. Ka manta Kaka majemi ne? Ina tuna warin fata da bagaruwa a jikinsa in ya dawo, ya yi wanka, ya sa farar riga ya tafi sahun gaba. Da kuɗin jima aka aurar da duk gwaggonninmu, ba wanda ya ce ya fita daga Hausawa.

Matata kuwa, da kuke cewa na auri Baturiya, baƙar fata ce, Musulma 'yar Musulmi. Mahaifinta yana cikin waɗanda suka bi Imam Warith Deen Mohammed, jagoran Musulmi baƙar fata na Amurka, zuwa tafarkin Sunna bayan 1975. Surukin nan nawa ne ya koya mini wannan sana'a lokacin ina tuƙin tasi, bai tambayi asalina ba, sallata ya duba. Ni ma na koya wa samari daga Zangon Kumasi da Maraɗi, yau wasu da motarsu ta aiki. In an yi haihuwa muna yanka rago a raɗa suna, in an yi rasuwa mu haɗa kuɗi mu yi sutura, Hausa kuma ake yi a wurin, ko da ta Gana ce da kuke cewa ba ta da mace da namiji.

Inda nake da damuwa ta gaske shi ne yara. Suna ji sarai, amma amsa sai da Turanci, ƙaramar ce kawai ke ƙoƙari. Ranar da ta gaishe ku a waya aka fashe da dariya, ta daɗe ba ta sake yarda ta karɓi wayar ba. In Allah Ya kai mu babbar salla zan zo da su. Don Allah ka ja kunnen yaran gida, in ta yi kuskure a gyara mata a hankali, kada a yi mata dariya. A gaida Inna da kowa da kowa.