Ƙaninka jari yake buƙata

Malam, ka tambayi abin da ku na ƙauye za ku yi wa ƙaninka da aka ƙona wa rumfa a Kudu saboda ƙabilanci. Allah ya mayar da alheri. Haka aka yi a kasuwar Sasa ta Ibadan a Fabrairun 2021, 'yan tumatir da albasa suka dawo hannu rabbana.

Jaje ba ya cika buhu. Ku sa shi adashe ya fara kwasa, manoman Kura da suka san shi su ba shi kaya bashi.

Kuma ku tsare Ibon da ke da shago a kasuwarku, don ramuwa kan namu na can take komawa. Mai unguwa ya ja kunnen samari tun kafin ranar kasuwa.